Jirgin Mushe Halidu a Tafkin Gure

Shekara arba'in ke nan da rasuwar Mushe Halidu, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Na san shi ne a shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ƙarshen babban farin nan da ya cinye dabbobin mutane. Da ajami nake wannan rubutu kamar yadda na saba, maƙwabcina tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ne zai mayar da shi boko domin ku masu karanta jarida.

Halidu mutumin Gaya ne, ɗan bakin kogi, aka turo shi Gure aikin gidan waya, in ya tashi aiki kuma yana gyara wa mutane rediyo. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. A lokacin ina karantarwa a zauren mahaifina, ina kuma rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya, a nan muka saba. Yana kirana Goni don tsokana, alhali ban kai ko kusa ba, ni kuwa ina ce masa Mushe kamar kowa, wato Malam da Faransanci. Ya sha gaya mini ba zafin Gure ke damunsa ba, abin da ke damunsa shi ne ya farka da asuba bai ji motsin ruwa ba.

Wani Bature mai haƙar rijiyoyi da zai koma gida ya bar masa ɗan jirgin ruwa na wasa, tsawonsa kamu ɗaya da rabi. Da batir yake tafiya, kuma daga tudu ake tuƙa shi da wani akwati mai doguwar waya da ƴan sanduna biyu, ɗaya ta gudu, ɗaya ta juyawa. A lalace ya same shi. Ya gyara shi cikin bazara, ya ajiye bisa tebur yana jiran ruwa, masu zuwa aika saƙo suna tambayarsa ko a rijiya zai tuƙa shi.

Allah ya kawo damina a shekarar, tafkin bayan gari ya cika. Ranar farko jirgin ya tafi, amma hancinsa na noman ruwa, kuma in an juya shi sai ya kwanta kamar zai kife. Halidu ya kafa sanduna biyu a ruwa, ɗaya nan ɗaya can, ya ce a auna tafiyar. Agogonsa ba shi da hannun daƙiƙa, don haka na ciro carbina. Jirgi na barin sandar farko sai in fara istigfari, ƙwaya ɗaya ɗaya, ba gaggawa ba jinkiri, har ya kai ta biyu. Ranar na ja arba'in da ɗaya. Ya dube ni ya ce, “Goni, nawar jirgin nan ribarka ce, kai ke kwashe lada. Ba zan ƙara sa ka yi masa addu'a ba.”

Haka muka cinye daminar, daga la'asar zuwa kiran magariba. Ya matsar da batir baya da faɗin yatsa biyu, hanci ya ɗaga, muka sauko talatin da biyar. Ya ƙara yatsa ɗaya, jirgi ya dinga tsalle kamar ɗan akuya, ya mayar da shi. Ƴar fankar tagulla da ke tura shi a ƙarƙashi ya ciro ya wasa da magagari, ya ɗora ta bisa bakin reza biyu ya ga wane gefe ya fi nauyi, ya yi ta gogewa har ta tsaya cik. Da ya gane juyin fankar ne ke kwantar da jirgin gefe guda, sai ya liƙa ƴar dalma a ɗaya gefen. Ɗan faifan ƙarfe na baya mai juya jirgi, wanda muke ce wa wutsiya, ya rage masa nisan kaɗawa, daga nan ya daina kifewa a kwana. Ba ya taɓa abu biyu rana ɗaya, wai in ka gyara biyu ba ka san wanda za ka gode wa ba. Kowane gyara na rubuta shi a takarda da adadin ƙwayoyin carbi a gefensa. Muka kai ashirin da shida muka tsaya. Burinsa ashirin.

Yau in na bi ta wurin ba na ganin tafkin sai gidajen bulo da ƴar kududdufi cike da leda. Nakan ga matasa zaune kowa da waya a hannu, suna tuƙa motoci da jirage a cikin gilashi, babu wanda ƙafarsa ta jiƙe. Ina tsammanin Halidu ba zai zage su ba. Zai karɓi wayar ya juya ta baya yana neman inda ake buɗe ta, in aka ce masa ba a buɗewa, a nan ne ransa zai ɓaci. Faifan hasken rana kuwa da ke bisa rufin kowane shago, wannan zai yi murna da shi, shi da yake roƙon direbobi su bar shi ya cika batir a motarsu.

Gyaran ƙarshe da ya yi shi ne mafi haɗari. Ya buɗe injin, ya warware wayar cikinsa, ya sake naɗe shi da mai kauri, zagaye kaɗan. Ya ce ko dai jirgi ya yi gudun da bai taɓa yi ba, ko inji ya ƙone. Kafin ya gama, tafki ya zama laka. Sai kuma saƙo ya zo mahaifinsa ba lafiya, ya karɓi hutun wata biyu. Ya so ya tafi da jirgin ya gwada shi a kogin garinsu, amma lokacin sojoji na kowane shinge, kuma akwati mai aika umarni ta iska ba abin da mutum zai so a gani a kayansa ba ne. Ya kawo mini shi har zaure, ya ce amana ce, kada ya taɓa ruwa sai ya dawo.

Muna da lambu a wani kwari gabas da gari, tsakanin tuddan rairayi, da dabino da wani ruwan kanwa da ba ya ƙafewa. Na yi kwana goma ina kallon jirgin, ran sha ɗaya na ɗora shi bisa jaki. Na auna tazarar da taku kamar yadda muke yi, na kafa sanduna. Na danna sandar gudu da babban yatsa, carbi na ɗaya hannun. Jirgin ya ɗaga ƙirjinsa ya hau saman ruwa, ya bar farin layi a bayansa, ya yi kwana a miƙe bai karkata ba. Ƙwaya goma sha tara. Sau uku na maimaita, ba ta canza ba, kuma babu mai gani sai ni da Allah.

Kowane ɗan Gure ya san ba a barin fartanya ta kwana a ruwan kanwa. Na sani, amma bayan jirgin kawai na goge, ban buɗe cikinsa ba, ashe ruwa ya shiga ta hanyar sandar fanka. Sai da dawowarsa ta kusa na buɗe, na tarar da farin gishiri ya daskare a jikin inji. Na kankare, na wanke, na shafa mai, har babu alamar da ido zai gani. Da ya dawo ya haɗa batir a bisa tebur, inji ya yi gurnani, ya ƙi juyawa, hayaƙi ya tashi. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce shi ya yi haɗama, ya rage waya fiye da kima, hannunsa ya fara tsufa. Ina tsaye a bayansa, na bar shi ya ɗora wa kansa laifin.

Bai sake naɗe injin ba. Mutumin da ba ya mayar da rediyon kowa ba gyara, ya koma yana cewa a kai Damagaram. Shekara na zagayowa aka mayar da shi wani gari. Mun yi shekara huɗu muna musayar wasiƙa, kowace na fara da niyyar faɗa masa gaskiya, sai in ƙare da gaisuwar iyali. Ni da ke koya wa mutane hukuncin amana da safe.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Halidu, ba gida ba ne, ba kuma jirgin ba, don ban san inda ya ƙare ba. Masu gyaran rediyo biyu a kasuwarmu wurinsa iyayensu suka koya, har yau ba sa taɓa abu biyu lokaci ɗaya. Ni kuma ya bar mini kewar wani ruwa da ba na garinmu ba.

Da na ji ciwo ya kwantar da shi an mayar da shi Gaya, na yi kwana uku a mota. Na same shi da hantsi a ƙarƙashin mangwaro a bakin kogi, ya rame, ido ya tafi. Bayan gaisuwa na faɗa masa komai, jakin da kwarin da kanwar da wankewar. Ya juyo da fuskarsa wajena. Can ya ce, “Nawa?”

Na ce goma sha tara.

“Ba ka yi nawa wajen jan carbi ba, Goni?”

Na ce sau uku na auna, kuma Allah ne shaidata. Ya tambaya ko ya kwanta a kwana, na ce bai kwanta ba. Ya ɗaga hannayensa biyu kusa da fuskarsa kamar mai ganinsu, ya daɗe haka.

“Injin na yafe,” in ji shi. “Amma ka ga abin da ban gani ba, ka riƙe shekara biyar. Wannan sai ka biya. Fara daga ɗaura wa jaki kaya, kada ka tsallake komai.”

Na ba shi labarin a hankali, yana tsayar da ni yana tambayar ƙarar injin da tsawon layin da ya bari a ruwa, wani wurin ya sa in maimaita. Ba mu gama ba sai da aka kira azahar. Ya laluba ya kama hannuna ya ce, “To, yanzu na gani. Ba na binka komai. Tashe ni mu yi alwala.”