Ranar da aka ja wa Kawu wuta da gangan

Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran wutar lantarki ne. Da wuya ka sami layi a Gyadi-Gyadi da bai taɓa jingina tsaninsa ba. Ya daɗe yana ce mana zuciyarsa na yi masa tsalle kamar kifi a kwando, Inna, wato mahaifiyar tawa, kuwa takan ce goro ne da shayi mai kauri, ya rage. Bai rage ba, asibiti ma bai je ba.

Wata Asabar muka je suna a Tarauni. Kawu ya ci waina ya ƙoshi, yana cikin musun ƙwallo sai ya yi shiru. Shirun ne ya fara tsorata ni, don ban san shi da shi ba. Gumi ya jiƙa masa riga, na taɓa hannunsa na ji sanyi ƙalau kamar randa. Ya sulale a kan tabarma. Nan take kowa ya zama likita. Wani ya sheƙa masa ruwa, wani ya kawo albasa, wani dattijo ya cire masa hula yana yi masa fifita da ita. Ni dai na tare adaidaita sahu muka kwashe shi sai asibiti.

Likitar da ta karɓe mu ta ce zuciyarsa na gudu fiye da kima, ba ta tsayawa ta cika da jini kafin ta buga, shi ya sa jininsa ya sauka, jiki ba ya samun abin da zai ishe shi. Ta ce babu lokacin jira, za su ja masa wuta a ƙirji don bugun ya dawo daidai.

Kawu da muke zaton bai san inda yake ba sai ya buɗe ido ɗaya.

"Wuta?" in ji shi, muryar can ƙasa. "Likita, tun ina saurayi nake gudun abin nan."

"Baba, wannan da awo ake yin ta."

"Haka kowa ke cewa. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar aiki fa?"

"Na'urar tana da batir."

Ya juyo da ƙyar ya dube ni. "Je ka duba min soket ɗin."

Ban je ba. Suka yi masa allurar barci, aka fitar da ni. Ina tsaye a baranda ina ta salati har wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce bugun ya daidaita.

Da ya farka ya tambaya yaushe za a fara. Muka ce an gama. Ransa ya ɓaci sosai, wai an yi aikin wuta a jikinsa ba a bar shi ya ga yadda aka haɗa wayoyin ba.

An sallame shi da magunguna, aka hana shi goro da hawa tsani. Goron ya bari bayan doguwar rigima da Inna. Aiki kam ya ƙi bari. Yanzu ni nake hawa tsanin duk ƙarshen mako, ni da nake malamin makaranta, shi kuma yana ƙasa a kan kujera yana daka min tsawa: "Ba jar wayar ba! Kai wai me ka karanta ne?"