Makarar da Malam Iro Ya Hau Sau Biyu

Ina shago ina tace hotunan wani biki wayar Hajiya Ladi, matar Malam Iro, ta shigo. Ta ce, "Sani, maigidanka ya rasu da asuba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Hajiya, ya ce in taho da kyamara?" Sai da na ji kukanta na gane da gaske ne.

Malam Iro ɗan wasan kwaikwayo ne kuma mai shirya fim a Daura, ni kuwa na daɗe ina riƙe masa kyamara. Da tashe ya fara, ya koma wasan daɓe, daga baya ya bar dandamali ya shiga cikin jama'a. Yakan ce, "Wanda ya san ana kallonsa, fuskar aro yake sawa." Shi ya sa ba ya sanarwa. Ya taɓa fasa buhun gero a titin Kongolam ya zauna yana kuka, ina laɓe a rumfar mai shayi ina ɗauka, don a ga wa zai taya shi kwasa, wa zai cika aljihu. Idan wasa ya ƙare sai ya yi gyaran murya, in kashe kyamara. Sannan ya bi mutanen yana neman izininsu, wanda ya ƙi a goge hotonsa. Geron nan wata tsohuwa ya bar wa, ita ce ta fara durƙusawa ta taya shi kwasa.

Aikinsa na ƙarshe a kan baƙon da ya mutu ba dangi ne. Ya ce a naɗe shi a likkafani, a ɗora a makara, a ajiye a bakin kasuwar Mai'adua. Hajiya ta roƙe shi ya bari. Limamin unguwarmu ya ce, "Iro, ba a wasa da makara. Wanda ya gwada ta, ta san tsawonsa." Dariya ya yi.

Da muka ajiye makarar, mutane kuwa suka bar ciniki suka ɗauka. Har an jera sahu, sai gawa ta yi gyaran murya. Da ƙyar muka sha. Wani dattijo mai sayar da awaki ya nuna shi da sanda, ya ce, "Ran da za ka mutu da gaske, ka nemi masu ɗaukarka!"

Fim ɗin bai fita ba. Malam ya koma kasuwar yana bin rumfuna yana neman gafara, amma dattijon ya juya masa baya. Daga nan bai ƙara wasa ba, sai rama. Ya taɓa ce mini, "Sani, hawayen mutane na ara ban tambaya ba."

Ranar rasuwar na hau babur ina sanarwa. Duk inda na tsaya sai a yi dariya, a ce, "To, ina ka ɓoye kyamarar?" Rana na ɗagawa, gawa na zaure, ƙofar gida ba mu cika sahu ɗaya ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na ga bakin dattijon zai kama shi. Sai da liman ya fita da kansa yana rantsuwa aka fara zuwa, ana zuwa ana leƙen saman katangu.

Za a ɗaga makara ke nan ɗan acaɓa ya sauke mai awakin. Ya ratsa mutane ya kama gaba, ya ce, "Ni na yi masa baki, ni zan ɗauke shi."

A maƙabarta ban ji addu'ar da aka yi ba. Kunnena na ramin, ina jiran gyaran murya, har aka gama zuba ƙasa.

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya yafe masa wasan da ya wuce gona da iri, Ya haskaka makwancinsa. Ya ba Hajiya Ladi da 'ya'yansu haƙurin rashi. Mu kuma, ran da tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya ba mu masu ɗauka.