Gora Mai Karkataccen Layi

A garinmu na bakin teku, can ƙuryar jihar Maine ta Amurka, idan hunturu ya kama ba abin da ke zama a buɗe sai coci da gidan mai da masaukin da Verna Kowalik take yi wa shara. Masu gidajen hutu sun toshe tagoginsu da katako sun koma birni, masu sayar da askirim sun bi bayansu. Abin da ya rage sai iska, sai mu, sai 'yan tsirarun baƙi da ke zuwa cikin Fabrairu wai don su ji shiru. Verna ba ta ƙaunar baƙin nan ko kaɗan. Takan ce wanda zai tuƙo mota yini guda don ya kalli garin da ya mutu, ko gawa ya samu hoto zai ɗauka.

Doguwa ce busasshiya, ta haura saba'in, bakinta kuwa ko reza albarka. 'Yar gidan Dunbar ce, waɗanda tun kakanni suke kamun lobsta, wani dangin ƙaguwa mai tsada, a ruwan da ke bayan fitilar jirage. Hukuma ta ce teku ta kowa ce, amma a nan har yaro ya san inda ruwan kowane gida ya fara da inda ya tsaya. Kowane masunci yana da launin gorunansa, waɗannan da ke yawo a kan ruwa, igiya ta haɗa su da tarkon da ke ƙasa. In ka zuba tarko a ruwan da ba naka ba, da farko za ka tarar an yi maka ƙulli a wuyan gora, gargaɗi ke nan. In ka yi kunnen ƙashi, sai wuƙa. Gora ya tafi, tarko ya kwanta a ƙasan teku har abada, kuma ba wanda ya ga komai.

Laifin Verna a idon dangi shi ne auren Stan Kowalik, wani mutumin Ohio da ya zo aikin hanya ya maƙale. Bai yi tsawon rai ba, ya bar mata yara biyu, Wendell da ƙanwarsa Lorna. Da Wendell ya kawo ƙarfi ya sayi wani ɗan tsohon jirgi, ya zaɓi launinsa, ruwan ɗorawa da baƙin layi a tsakiya. Verna ce ta yi masa fentin a kan teburin kicin. Hannunta bai iya miƙaƙƙen layi ba, kowane gora sai layin ya karkace, yaron yana yi mata dariya yana cewa ko makaho zai gane nasa.

Ya zuba tarkunansa a ruwan Dunbar, a zatonsa ruwan uwarsa ne. Aka yi ƙulli, aka zo aka yanke. Ya je wurin kawunsa Merle, yayan Verna, Merle ya girgiza kai ya ce ai 'yan tsibiri ne, ba su da mutunci. Tsibirin nan yana daura da mu, in gari ya yi garau har hayaƙin gidajensu ana hangowa. Aka sake yankewa, aka kuma. Da yaron ya ga kayansa za su ƙare, sai ya kwashi ragowar ya nufi can cikin teku, inda ba ruwan kowa ba ne, a watan Disamba, cikin jirgin da bai fi na yawon bakin gaɓa ba. Bai dawo ba. Ba a ga jirgi ba, ba a ga takalmi ba, ko gora ɗaya teku ba ta turo wa uwarsa ba.

Tun daga ranar Verna ta sami abin yi a duniya, wato ƙin 'yan tsibiri, kuma ta iya shi. Wata mata daga can ta kawo gasasshen abinci walimar coci, Verna ta ɗauke shi a gaban jama'a ta juye a kwandon shara. Da wani saurayinsu ya nitse, a gidan mai ta tsaya ta ce yanzu teku ta fara adalci. Ana nan sai Lorna ta zo ta ce za ta auri Glen, ɗan matar nan da aka zubar wa abinci. Verna ta watsa mata kayanta a kan dusar ƙanƙara ta rufe ƙofa. Lorna ta haye tsibiri ta haifi 'ya'ya, har sun girma Verna ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Tana alfahari da haka, ta ce ita ba ta sayar da jinin ɗanta ba. Wanda ya rage mata shi ne Merle. Tun da matarsa ta rasu, kullum da azahar Verna ke kai masa miyar kifi da madara da dankali a rumfarsa ta bakin kwata, inda jiragen masunta ke tsayawa.

Baƙuwar da ta zo a hunturun bana sunanta Paige, daga Boston, da farar rigar sanyi da ba ta taɓa ganin datti ba. Komai na garin burge ta yake yi. Ta ɗauki hoton kullallun shaguna, ta ɗauki na tarkunan da aka jibge, har Verna ta ɗauka tana riƙe da tsintsiya, ta ce fuskarta irin ta gaske ce. Ran da za ta tafi Verna ta shiga cire zanen gado, sai ta ga wani gora a kan kujera kusa da jakar baƙuwar. Ruwan ɗorawan ya koɗe, amma baƙin layin yana nan a karkace yadda ta bar shi. Guntun igiyar da ke jikinsa bai tsinke ba, yankan wuƙa ne, sumul.

Ta zauna a bakin gado. Ta tambayi Paige a wace gaɓa ta tsinto shi. Paige ta yi dariya ta ce ba tsintuwa ba ce, wani tsoho mai kirki ne a kwata ya ba ta, mai jar hula. Wai ta ce tana son abin tunawa, shi kuwa ya ce ta hau saman rumfarsa ta zaɓa, don gwiwarsa ba ta hawa tsani, idonsa ma ba ya gani sosai. A can ƙurya, ƙarƙashin tsohuwar koma, ta tarar da irin wannan jibge, sun fi a ƙirga. Mutum ɗaya ne mai jar hula a kwatarmu, wato Merle.

Verna ba ta taɓa roƙon kowa ba a rayuwarta, amma ranar ta roƙa. Ta ce, "Ki bar min shi. Na ɗana ne."

Paige ta dafa ƙirji ta ce abin ya taɓa mata zuciya ƙwarai. Sai dai kyauta ce aka ba ta, kuma launin ya yi daidai da banɗakinta. "Ai akwai su da yawa a can, je ki ce ya ba ki wani mana." Ta naɗe goran a tawul, ta ajiye shi a kujerar baya, ta ɗaga wa Verna hannu ta tuƙa ta tafi.

Da azahar Verna ta ɗauki miya kamar kullum. Merle yana zaune kusa da murhu, ya karɓa ya fara sha. Ta bar shi ya yi 'yan cokula kafin ta ce ta ga goran Wendell, ta kuma san daga inda ya fito. Tana jiran ya musa. Da ya musa ma wataƙila da ta yarda, don tana so ta yarda. Merle bai ko ajiye cokali ba.

Ya ce, "Ruwan Dunbar ne, Verna. Shi kuwa Kowalik ne."

"Ɗan ƙanwarka ne."

"Na yi masa ƙulli. Ɗan gari da ya ga ƙulli ya san abin da ake nufi. Ni ban ce ya tafi cikin teku a Disamba ba, wannan wautar ubansa ce."

Ta tambaye shi me ya sa ya ajiye gorunan. Ya ce in ya sake su ruwa zai turo su gaɓar gidanta, shi kuwa ba ya son surutu. Ta tambaya wa ya sani. A nan ne ya ɗago ya dube ta, kamar ta tambayi sunan garin. Ya ce kowa ya sani, har fasto na lokacin. An dai ga ta sami abin da ke riƙe ta a tsaye, shi ya sa ba wanda ya so ya ƙwace mata. Verna ta tuna duk mutanen da suka yi ta gyaɗa mata kai a gidan mai tana zagin 'yan tsibiri, kunya ta rufe ta har ta fi baƙin cikin.

Ta koma gida a ƙasa, iska tana yankar fuska. Lambar Lorna tana kanta duk shekarun nan, ko da yake ba ta taɓa bugawa ba. Aka ɗauka, ta ji muryar Lorna ta zama ta babbar mace wadda ba ta sani ba. Ta faɗi abin da ta gano, tana haɗa magana da ƙyar. Lorna ta saurara har ƙarshe.

"Na sani, Mama. Na gaya miki ranar da kika watsa min kaya. Marina kika yi."

 Da gaske Verna ta manta, ko kuwa ta sa kanta ta manta. Can ta ce ko za ta iya hawa jirgin fito ranar Asabar, ta ga yaran kawai, ba sai ta shiga gida ba.

Lorna ta ce, "Yaran suna da kaka. Ita ce wadda kika juye wa abinci a shara." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tana da tukunya a wuta, ta ajiye waya.

Washegari gari ya yi garau, tsibiri ya fito fes har da hayaƙinsa. Verna ta yi sharar masauki, ba baƙo ko ɗaya. Ta dawo ta tsaya a kicin, sai ta ga ta riga ta fere dankali na mutum biyu. Ta daɗe tana kallonsa. A garin nan kaf babu wata ƙofa da za ta ƙwanƙwasa a ce mata shigo, ita da bakinta ta rufe su duka, saura guda. Da azahar ta rufe tukunya ta gangara kwata. Merle ya karɓa ya ɗanɗana, ya ce yau gishiri bai ji ba.