Katangar Goggo Amatullah

Goggo Amatullah ta tsufa a kan keken ɗinki a Wunti, da shi ta riƙe jikokinta marayu. Shekarar da ambaliya ta kayar da katangarta, masu wucewa na hango tsakar gida, kunya ta hana ta jira, maƙwabta suka tayar mata da sabuwa. Sai ga ma'aikatan agajin gwamnati suna duba ɓarna.

"Mama, ai gidanki lafiya lau," in ji ɗayansu.

Amma ɗakin yaran ya tsage, ga hadari na haɗuwa. Ta ce, "Ɗana, daure ka shigo."

Ya zura hannu cikin tsagar, ya juyo. "Siminti zai zo, amma yau ki kwashe yaran nan."