Madubin Likita da Na Dirje da Toka

Abin da nake so a ce ban yi ba, da hannuna na yi shi a Ringim, ba wanda ya sa ni.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Wani likitansu ya sauka Garki yana duba masu ciwon barci, ya aiko Dutse a kai masa madubinsa na tagulla, wanda ake ɗiga jini a leƙa a ga ƙwayar cuta. Sai ya gani yake yin allura. Ni na roƙa a ba ni, domin wana, Yaya Sale, da ke noma a can, yana cikin masu jira.

Rana ta farko. Na bar garinmu Yalwawa ta Dutse bayan sallar asuba da jakina, akwatin madubin a naɗe cikin tabarma. Mil goma sha bakwai na yi, na kwana a zauren wani mai unguwa, na ci tuwon dawa.

Rana ta biyu. Da azahar na isa kogi. Mai fito ya ce, "Malam, jariri ne ka rungume haka?" Duk da haka ruwa ya taɓa akwatin. Da la'asar, a Ringim, a gidan wani dattijo maƙeri, na buɗe ya sha iska. Sai na ga tagullar ta yi duhu.

"Rufe abin nan, ɗana," in ji shi.

"Baba, tagulla ai tagulla ce. Na kai wa mutum kaya da dauɗa?"

Na karɓi toka da tsamiya da yashi wurin matarsa, yadda take wanke tasa. Na dirje shi tas, har ɗan gilashin bakinsa.

Rana ta uku. Bayan azahar na shiga Garki ina taƙama. Yaya Sale na kwance a inuwa, ya ce wa na kusa da shi, "Ƙanena ne ya kawo. Yau za a duba mu."

Likita ya leƙa, ya goge ido, ya sake leƙawa, bai ga komai ba, yashi ya karce gilashin. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, wa ya taɓa?"

Na ce ruwan kogi ne.

Aka aika Kano a kawo wani, kwana goma sha ɗaya. Yaya Sale takwas ya yi, ya rasu.

Komawa. Tafinta ya miƙo mini madubin, wai ba shi da sauran amfani. Kwana uku na iso gida. Na gode wa Allah da ya bar ni da rai har yau na faɗi gaskiya. Daga baya na tara irinsa guda uku, duk sun yi duhu, ban taɓa goge ko ɗaya ba.

Ina roƙonku, in an ba ku amanar abin da ba ku sani ba, ku kai shi da dauɗarsa.