Giga Takwas da Tiyar Abokina

Ni dai wauta ba yau na fara ta ba, amma wadda na tafka shekarun baya, lokacin da wayoyi masu memori suka cika Daura, ita ce har gobe take sa ni sunkuyar da kai.

Sana'ata awon hatsi. Boko kuwa aji biyu na yi, malamin ya huta, ni ma na huta. Ina da aboki tun muna yara, mai gyaran rediyo, da zamani ya juya ya koma sayar da memori. Na sayi mai giga takwas a wurinsa don in zuba wa'azi. Da 'yata ta duba wayar sai ta ce, "Baba, bakwai da ɗigo huɗu ta nuna."

Ai ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba. Na isa rumfarsa, gaban jama'a na ce, "Alhaji, tauye mudu har a cikin waya?"

Ya ce, "Zauna, malam. Masu ƙera shi da dubu suke awo, wayarka kuma da dubu da ashirin da huɗu. Hatsin ɗaya ne, tiyar ce ta bambanta."

Na ce, "Ni za ka koya wa awo?"

Wata biyu ba na yi masa sallama. Shayin da muke sha tare kullum bayan La'asar na koma sha ni kaɗai, ba daɗi, amma na dake. Don in kafa masa hujja na hau mota har Kano, na sayo wani a babban kanti, a liƙe cikin ledarsa. 'Yata ta saka. Bakwai da ɗigo huɗu. Ta juya baya tana dariya, wai tari take.

Washegari na ciko tiyar gero har da tozo, na kai rumfarsa na ajiye. Ya matsa mini a benci, ya sa aka kawo shayi biyu.

Yau shekara uku da rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Memorin na nan cikin aljihuna, wata biyun nan ne dai ba inda zan samo su. Kuma duk sanda na ɗauki tiya sai na ji muryarsa ranar, yana hura shayi:

"Shekara talatin kana saye da babbar tiyar Baure kana sayarwa da ƙarama ta Daura. Na taɓa tara maka jama'a?"