Randar da ke bakin shagon yayana

Yayana ya daɗe yana dakon siminti a kamiyo, wato babbar motar kaya, a Malbaza, har ƙura ta cinye masa ƙirji. Da likita ya ce in ya ci gaba huhunsa ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya dawo Ƙonni, ya kama ɗan shago, ya sayi tsohuwar ordinata, wato kwamfuta ta tebur, yana haɗa wa mutane bidiyon biki da suna. Injin nan shi kaɗai ya tsaya tsakaninsa da komawa cikin ƙura, kowa a gidanmu ya san haka.

Bazara na shigowa, sai ordinatar ta fara mutuwa da tsakar rana. Fankar cikinta ta yi ta kururuwa, allo ya ɗauke, aikin yini ya tafi. Ni ina ɗinki a shagon da ke jikin nasa, ta bango nake jin salatinsa.

Sai ya ce da ruwa zai sanyaya ta. Na ce, “Yaya, ruwa da wuta? Kai dai ba ka rabo da jaye-jaye.” Bai kula ni ba. Maƙeri ya fafe masa ɗan guntun tagulla mai hanyar ruwa a ciki, yayana ya ɗaure shi da kusoshi a kan abin da ke ɗaukar zafin. Ya samo siririn tiyo, da ƙaramin famfo. Ma'ajin ruwan kuwa randar ƙasa ce, ya dasa ta a jiƙaƙƙen yashi a bakin ƙofa inda iska ke bugawa, ya huda bango tiyo ya wuce. Ya gwada a ƙasa har ya tabbata ba ɗigo, sannan ya kunna. Wallahi ta yi! Na taɓa tiyon da ke fita na ji ɗumi, na taɓa mai shiga na ji sanyi, kunya ta kama ni.

Amma randa a bakin ƙofa a garinmu ta mai wucewa ce. Tun ranar farko wani ya buɗe ya sha. Na ce a sa mata marfin ƙarfe da kwaɗo.

“In kulle ruwa?” in ji shi. “Mi mutane za su ce da gidanmu?”

Muka yi ta yi, har na ce taurin kansa zai kashe shi. Wannan maganar tana ci mini rai har yau. Abin da ya yarda da shi kawai, ya ajiye randa ta biyu da moɗa a kanta.

Wata ranar kasuwa ya bar injin yana aikin wani biki, muka tafi azahar. Makiyaya suka shigo da shanu, rana ta gasa su. Suka shanye ta biyun, suka juya kan ta farkon, suka cika gorunansu. Ruwa ya sauka ƙasa da bakin tiyo, famfo ya koma zuƙar iska.

Tun daga nesa na jiyo ƙauri. Wani dattijo na tsugune yana kwankwaɗar ragowar, gemunsa na ɗiga. Na buɗe baki zan zazzaga masa, yayana ya riƙe mini hannu gam.

“Baba, kun sha ya ishe ku?”

“Alhamdu lillahi, ɗana. Allah shi shayar da kai.”

“Amin,” in ji yayana, ya shiga shago ya zare waya daga bango.

Mai gyara ya duba ya ce ordinatar ta ƙone har uwar allon cikinta, sai dai wata. Wata kuwa ba ta samu ba. Bayan ƙaramar salla na raka shi tasha, zai koma Malbaza. Innarmu ba ta fito ba, ta aiko masa da tsohon mayafinta, ta ce ya riƙa ninka shi biyu yana ɗaure hanci.